Cibiyar tayar baya: Yadda ake ƙera sashen da ke ɗauke da ƙarfin keken tsere

Duk ƙarfin da mai keke ya zuba a kan feda sai ya ratsa ta wani sashe da bai wuce cikin tafin hannu ba kafin ya isa ƙasa. Wannan sashe shi ne cibiyar tayar baya, wadda masu gyaran keke ke kira hob. A keken tsere nauyinta yakan tsaya tsakanin giram 200 zuwa 300, amma ita ke ɗaukar kaso mafi yawa na nauyin mahayi, ita ke karɓar jan sarƙa, kuma a kekunan zamani ita ke riƙe da faifan birki. In ta kuɓuce a lokacin da ɗan tsere ya miƙe tsaye yana taka feda da iyakar ƙarfinsa, ƙafarsa za ta tafi a banza, kuma faɗuwar da ke biyo baya takan yi muni.

Saboda haka kamfanonin Japan, Italiya, Suwizalan, Ingila da Amurka suka shafe fiye da shekaru ɗari suna gasa a kan yadda za a ƙera ta. Kowane tsari da suka fito da shi yana warware matsala ɗaya ne, ya kuma buɗe wata.

Sassan da suka haɗu suka zama cibiya

A tsakiya akwai aksul, sandar da ake ɗaurewa a jikin firam, wadda ba ta juyawa. A kewayenta akwai gangar cibiya, wadda ke juyawa tare da taya. Gangar tana da kunnuwa biyu masu huji, dama da hagu, inda ake saƙala wayoyin da ke tafiya zuwa rim. Tsakanin aksul da ganga akwai boris, wato ƙananan ƙwallayen ƙarfe da ke sa juyawa ta yi santsi. A ɓangaren dama akwai wani bututu mai tsaga-tsaga da ake zura fayafayan giya a kansa. Tarin fayafayan shi ake kira kaset.

Tsakanin wannan bututu da gangar cibiya akwai makama, kuma a nan hikimar take. Idan mahayi ya taka feda, makamar ta haɗa bututun da gangar su juya tare. Idan ya tsaya da takawa, ta sake su, taya ta ci gaba da gudu, ƙafa ta huta. Ƙarar da ake ji tana tsattsaga idan keke na gangara tudu daga nan take fitowa.

Daga kafaffen giya zuwa kaset

Kekunan farko masu sarƙa ba su da wannan makama. Faifan giya a kafe yake da cibiya, muddin taya na juyawa feda ma na juyawa. Har yau haka kekunan tseren cikin zagayayyen fili suke, ba makama, ba birki. Shi ya sa keken titi ba ya shiga wannan gasa, kuma shi ya sa 'yar tseren Najeriya Ese Ukpeseraye, wadda ta je gasar Olamfik ta Faris a 2024 da keken titi, ta hau keken da tawagar Jamus ta ara mata lokacin da ta shiga tseren fili.

A farkon ƙarni na 20 cibiya ta fara ɗaukar sababbin ayyuka. A 1902 aka fito da cibiyar Sturmey-Archer mai giya uku a cikinta a birnin Nottingham na Ingila, ƙarƙashin inuwar kamfanin Raleigh, wanda kekunansa suka yi suna a ƙasar Hausa. A 1903 kamfanin Fichtel & Sachs na Jamus ya fito da cibiyar Torpedo, wadda ke barin taya ta gudu da kanta, ta kuma kama birki in an mayar da feda baya.

'Yan tseren titi sun daɗe da cibiya mai faifan giya a kowane gefe. In suka iso gindin dutse sai su sauka, su kwance taya, su juya ta, su ɗaure. Ana ba da labarin cewa a shekarun 1920 sanyi ya daskarar da yatsun wani ɗan tseren Italiya, Tullio Campagnolo, a kan hanyar dutsen Croce d'Aune har ya kasa kwance notin tayarsa. Kamfanin da ya kafa a Vicenza a 1933 shi ya yaɗa siririyar sandar nan mai mariƙi da ke ratsa cikin aksul, wadda ke kwance taya ba tare da sifana ba. Gasar Tour de France ba ta yarda 'yan tsere su yi amfani da na'urar sauya giya ba sai a 1937.

Daga nan fayafayan giya suka riƙa ƙaruwa, kuma duka ana murɗa su ne a kan cibiya a dunƙule, tare da makamarsu, abin da ake kira firiwil. Da suka kai shida da bakwai sai aibin tsarin ya bayyana. Boris ɗin dama ya koma can ciki, an bar dogon yanki na aksul ba matallafi a ƙarƙashin fayafayan, ga jan sarƙa ga nauyin mahayi, sai aksul ya riƙa lanƙwashewa yana karyewa. A 1978 kamfanin Shimano na Japan ya fito da tsarin da ya kira Freehub, inda makama ta zama sashen cibiyar kanta, boris ɗin dama ya matso bakin aksul, fayafayan kuma suka zama abin zurawa. Kusan duk cibiyoyin tsere na yau jikokin wannan tsari ne.

Makama iri uku

Mafi tsufa kuma mafi yaɗuwa ita ce ta harsuna. Ƙananan harsunan ƙarfe, daga biyu zuwa shida, suna zaune a jikin bututun kaset, sifirin na tura su waje su shiga haƙoran wani zobe da ke cikin ganga. Tana da sauƙin ƙerawa da sauƙin gyara. Rauninta shi ne duk ƙarfin yana taruwa a kan 'yan ƙananan wurare.

Lissafi kaɗan zai nuna girman abin. A ɗauki mutum mai kilo 80 ya tsaya a kan feda mai hannu santimita 17, faifan gaba yana da haƙora 32, na baya 51, irin giyar hawan dutse. Sarƙa za ta ji jan da ya kai kimanin kilo 210. Babban faifan baya kuma ya zama kamar dogon hannun sifana, domin daga tsakiyarsa zuwa bakinsa ya haura santimita 10. In harsunan suna zaune santimita ɗaya da rabi daga tsakiyar aksul, nauyin da zai faɗa musu ya haura kilo 1,400. Idan an yi ƙirar daidai, harsunan za su raba wannan kaya. Idan ɗaya ya riga 'yan'uwansa shiga haƙori saboda kuskuren da ido ba ya gani, shi kaɗai zai ɗauka, kuma bakinsa zai iya gutsurewa.

Iri na biyu shi ne na zobba biyu masu haƙora a fuska, waɗanda sifirin ke matse su da juna. Kamfanin DT Swiss da ke birnin Biel na Suwizalan ya shahara da wannan tsari tun shekarun 1990. A nan dukkan haƙoran suna kamawa lokaci guda, don haka kayan ya bazu a kan fili mai faɗi. Zobban suna zuwa da haƙora 18, 36 ko 54, kuma a tsarin kamfanin na asali ana iya zare su da hannu a goge a mayar. Kamfanin Chris King na Amurka ya ɗauki wannan tunani ya ƙara masa tsaga mai murɗe kamar igiya, ta yadda duk lokacin da mahayi ya ƙara ƙarfi, zobban sai su ƙara matsuwa da juna. Cibiyarsa ta hawan dutse tana da haƙora 72, kuma ana gane ta daga nesa da ƙararta mai kama da ta fusataccen ƙudan zuma.

Iri na uku ba shi da haƙora ko kaɗan. Ana jera wasu ƙananan ƙarafa masu karkatacciyar siffa tsakanin bango biyu masu santsi. In an juya gaba sai su miƙe su cije bangon biyu, in an saki sai su kwanta su zame. Kamfanin Onyx na jihar Minnesota a Amurka ya yi suna da wannan. Ba ta ƙara, kuma tana kamawa nan take. Amma tana buƙatar bango mai kauri na ƙarfe mai tauri don kada cijewar ta fasa shi, saboda haka ta fi sauran nauyi.

Digirin da ake tafkawa a banza

A makama mai haƙora, bututun kaset yakan ɗan juya a banza kafin ya sami haƙori na gaba. Ana auna wannan tazara da digiri, ta hanyar raba 360 da yawan wuraren kamawa. Haƙora 18 na ba da digiri 20, 36 na ba da 10, 72 na ba da 5. Kamfanin Industry Nine na garin Asheville a Amurka ya kai abin ƙarshe a cibiyarsa Hydra, inda ya sa harsuna shida su riƙa shiga zobe mai haƙora 115 ɗaya bayan ɗaya, aka sami wuraren kamawa 690, wato kusan rabin digiri.

Abin da ƙafa ke ji ya danganta da giyar da ake ciki. A giyar hawan dutse ta 32 da 51, digiri 20 na cibiya yana zama kusan digiri 32 a feda, wato ƙafa na iya tafiyar fiye da santimita 9 kafin taya ta amsa. Ga wanda ke lallaɓawa tsakanin duwatsu yana ɗan taɓa feda yana saki, wannan tazara na iya sa ya sauke ƙafa. A babbar giyar titi ta 50 da 11 kuwa, digiri 20 ɗin nan bai kai digiri 5 a feda ba, santimita ɗaya da 'yan kai. Ɗan tseren titi, wanda ƙafarsa ba ta cika tsayawa ba, bai damu da shi sosai ba.

Yawan haƙora yana da nasa farashi. Kewayen zobe bai ƙaru ba, don haka duk haƙorin da aka ƙara sai sauran su ƙanƙance, kuma ƙaramin haƙori ba ya jure datti da busasshen giris. Sannan a kekunan dutse masu shokoba a baya, tazarar da ke tsakanin faifan gaba da na baya takan ƙaru idan shokoba ta matse, sarƙa ta ja feda baya. Makama mai saurin kamawa tana isar da wannan fizga ga ƙafa fiye da mai jinkiri. Shi ya sa wasu masu tseren gangara ke zaɓar haƙora kaɗan da gangan.

Tayar da ba ta zauna daidai ba

Babbar matsalar cibiyar baya ita ce wurin zama. Rim dole ya tsaya a tsakiyar firam, amma kaset ya cinye fili a dama, ya tura kunnen dama zuwa ciki. A cibiyar keken titi ta gargajiya, kunnen dama yana nesa da tsakiya da milimita 17 zuwa 20 ne kawai, na hagu kuwa kimanin 35. Wayoyin dama sun kusa miƙewa tsaye, na hagu sun kwanta. Don rim ya tsaya a tsakiya, sai an ɗaure na dama da ƙarfin da ya kai kilo 110 zuwa 120, na hagu kuma su tsaya a kusan rabin haka.

Wayar da ba ta ɗauru sosai ba ita ce ke fara mutuwa. Duk zagayen da taya ta yi, wayar da ta zo ƙasa takan ɗan saki saboda nauyin mahayi. In saken ya kai ta yi lako-lako, notinta zai fara warwarewa, gwiwarta ta riƙa motsi har ƙarfen ya gaji ya tsinke. Tsofaffin kekunan Ingila sun magance rauni da yawan waya, 40 a baya da 32 a gaba. Tayar tsere ta yau tana da 24 ko 28, don haka dole a nemi mafita a ƙira.

Hanya ɗaya ita ce faɗaɗa cibiya. Faɗinta ya tashi daga milimita 120 a zamanin giya biyar zuwa 126, sannan 130 a keken titi da 135 a na dutse. Da aka koma ɗaure taya da aksul mai kaurin milimita 12 da ke ratsa firam ya shiga zare, faɗin ya zama 142. A tsakiyar shekarun 2010 kamfanonin Trek da SRAM suka kawo ma'aunin Boost mai milimita 148, wanda ya matsar da kowane kunne waje da milimita 3. Wata hanyar ita ce sa wayoyi biyu a dama ga kowace ɗaya a hagu, kamar yadda Campagnolo da Fulcrum ke yi, ko a huda rim a karkace don a rage bambancin.

Yadda aka saƙa wayoyin ma yana da muhimmanci. Wayar da ta fito kai tsaye daga tsakiya ba ta iya isar da murɗa. Sai wadda ta bar kunne a kaikaice ta ƙetare 'yan'uwanta, dabarar da James Starley na Coventry ya fito da ita a 1874. Birkin faifai, wanda hukumar tseren keke ta duniya UCI ta amince da shi a tseren titi a 2018, ya ƙara wa kunnen hagu aiki, domin ƙarfin tsayawa ta nan yake bi zuwa rim.

Boris: na sake da na gwangwani

Tsohon tsari shi ne wanda kowane mai gyaran keke a bakin kasuwa ya sani, ƙwallaye a sake suna gudu tsakanin kofi da kon. Shimano da Campagnolo sun daɗe suna riƙe da shi har a manyan cibiyoyinsu, domin ƙwallayen suna zaune a karkace, suna ɗaukar nauyi daga sama da kuma turi daga gefe, kuma ana iya buɗewa a wanke a sa sabon giris. Sharaɗinsa shi ne gwanintar ɗauri. In an matse kon ya yi yawa, ya ci kofi, kuma kofin da ya ramu a jikin ganga yakan zama ƙarshen cibiyar.

Yawancin sauran kamfanoni suna amfani da boris na gwangwani, wanda ke zuwa a rufe daga masana'anta, a danna shi cikin ganga. Cibiya ɗaya takan ɗauki huɗu, biyu a ganga, biyu a bututun kaset. Suna da lambobi na bai ɗaya a duniya. Lamba 6902, misali, tana nufin rami milimita 15, faɗi 28, kauri 7. In ya lalace sai a fitar da shi a sa sabo, ganga ba ta ji komai ba. Ingancin cibiyar ya dogara da yadda aka huda mazaunin boris ɗin. In ramukan dama da hagu ba su kalli juna daidai ba, boris mafi tsada ma ba zai daɗe ba.

Ana tallata boris mai ƙwallayen yumbu na musamman da cewa ya fi santsi. Gaskiya ne ƙwallayen sun fi tauri da sauƙin nauyi, amma mafi yawan turjiyar boris tana fitowa ne daga robar da ke rufe shi da kaurin giris, kuma duka ƙarfin da cibiya ke ci ɗan kaɗan ne in an kwatanta da abin da iska da robar taya ke ci. Robar da ta saki tana ba da santsi a ranar tsere, ta kuma buɗe wa ƙura da ruwa ƙofa.

Bututun kaset da rikicin ma'aunai

Tsagar da Shimano ya tsara, wadda aka fi sani da HG, ta zama ma'aunin kasuwa na shekaru masu yawa, amma kaurin bututun bai barin faifan da ya gaza haƙora 11 ya zauna. Da aka so faifai mai haƙora 10 don faɗaɗa giya, SRAM ya fito da bututun XD a 2012, Shimano ya biyo da Micro Spline a 2018, Campagnolo kuma ya kawo N3W a 2020 don kaset mai farawa da haƙora 9. Kaset ɗin ɗaya ba ya shiga bututun ɗaya. Faifan birki ma iri biyu ne, mai ƙusa shida da mai zoben kulle da Shimano ke kira Center Lock. Kamfanonin da suka iya ƙira suna yin cibiyar da za a iya sauya mata bututu da murafen gefe ba tare da an warware taya ba.

Gangar cibiyar tsere galibi alminiyum ce, wadda ake fara bugawa cikin mazubi don ƙarfen ya ƙara ƙwari, kafin injin da kwamfuta ke sarrafawa ya sassaƙe ta. Bututun kaset na alminiyum ba shi da nauyi, sai dai fayafayan ƙarfe suna cizon tsagarsa har kaset ya maƙale. Na ƙarfe ba ya cizuwa amma yana da nauyi, na titaniyom yana tsakani amma da tsada. Kekuna masu injin lantarki a tsakiya, waɗanda ke ƙara nasu ƙarfi a kan na ƙafa, sun sa an koma bututun ƙarfe da manyan haƙora.

Abin dubawa kafin a saya

Kekunan tsere da ke shigowa kasuwannin Afirka ta Yamma da yawansu na hannu ne, kuma cibiya ba ta nuna ciwonta a waje. A cire taya a juya aksul da yatsu. In an ji gargada kamar yashi, boris ya tafi. A mayar da taya a girgiza rim dama da hagu. In akwai wasa, ko kon ya saki ko boris ya ci. A juya kaset baya a hankali a saurari ƙarar, wadda ya kamata ta fito daidai ba tsallake. A duba kewayen hujin kunnuwa ko akwai tsaga. Sannan a auna faɗin cibiya da irin aksul da irin bututu, domin taya mai kyau da ba ta shiga firam ba asarar kuɗi ce.

Ƙurar hunturu da ruwan damina su ne manyan abokan gabar makama. Giris mai kauri irin na mota yana manne harsuna ya hana su tashi, don haka ana sa musu mai ko giris marar kauri, kaɗan kawai. Ruwan injin wanki mai ƙarfi yana tura datti ya wuce roba zuwa cikin boris. A cibiya mai kon da siririyar sandar ɗauri, ana barin ɗan wasa kaɗan a lokacin ɗaure kon, domin mariƙin yana matse aksul ya cinye wasan idan an kulle. Kuma duk ranar da feda ta kuɓuce sau ɗaya da ƙara mai ƙarfi, a buɗe makamar kafin a sake hawa, domin haƙorin da ya zame sau ɗaya ya riga ya dakushe, kuma zai sake zamewa a lokacin da aka fi dogara da shi.